Takwara Daga Istanbul

Ya Hadiza (Ya da Kanuri uwa ke nan) ta haifi 'ya'ya tara, huɗu suka rayu, dukansu maza. Manyan ukun suka yi aure suka tara mata jikoki goma sha ɗaya, su ma maza zalla, kamar an kafa musu doka. Haka ta haura shekara saba'in ba ta da takwara. A Konduga wannan ba abin dariya ba ne. Duk tsohuwar da ke sa'arta tana da wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai ɗauke da sunanta, wadda za ta yi wa zagin wasa da safe ta ɓoye wa alewa da yamma. Ya Hadiza sai dai ta ari ta maƙwabta.

Ba ta taɓa buɗe baki ta roƙi kowa ba. Ba a roƙon irin wannan abu. Ɗan da ya sami tarbiyya da kansa yake sani.

Ranar da aka bugo waya daga Maiduguri aka ce matar autanta Habib ta sauka lafiya, kuma mace ce, tsohuwar nan ta miƙe tsaye ba sanda. Kwana uku tana haɗa kaya: gero, busasshiyar kuɓewa, man shanu a kwalba, turaren wuta, da kaji biyu da suka yi ta kuka tun daga tasha har cikin gari. Babban ɗanta Ba'ana da matarsa Fanna suka rako ta. Da shirin kwana arba'in ta zo, don mai jegon, Siddiƙa, ta ce ba za ta je wankan gida ba, gidan iyayenta akwai zafi.

Habib ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne. Yana da katin aiki mai shuɗiyar igiya wanda ba ya barin wuyansa, har sahun salla da shi yake shiga, in ya je sujada katin ya riga goshinsa taɓa ƙasa. Haya yake a unguwar Jiddari Polo, amma in an tambaye shi sai ya ce, "Nan bayan GRA kaɗan." Da gyaɗa da kuɓewar da uwarsa ta noma aka yi masa karatu. Wannan ba ya cikin labaran da yake ba abokan aikinsa.

Tun cikin yana wata shida shi da Siddiƙa suka fara neman suna. Ba su je wurin malami ba, ba su tambayi babba ba. A waya suka nema, yadda ake neman takalmi. Abin da suke so shi ne sunan da babu mai shi a unguwar, wanda ba za a ji an ƙwala wa mai tallar awara ba. Sunayen Larabawa na ƙawa kuwa abokansu sun riga sun wawashe su. Sai Siddiƙa ta ɗaga kai ta dubi falonsu. Labulen na Turkiyya ne, shimfiɗar ƙasa ta Turkiyya, doguwar rigar da ke jikinta ma ta Turkiyya ce, ko aƙalla haka mai shagon ya rantse mata. To me zai sa 'yar ita kaɗai ta zama ta gida?

A wani jerin sunayen matan Turkawa suka ci karo da shi: Hatice. A ƙarƙashinsa akwai bayani da Turanci, layi biyar ko shida. Habib bai karanta ba. Shi dai karatu ya ƙare masa tun ranar da aka miƙa masa takardar digiri.

Ya furta sunan yadda duk wanda ya koyi bokon Hausa zai furta, da irin "c" ɗin da ke cikin ciki da cokali.

"Kai, Bebi, ji yadda ka ɓata shi," in ji Siddiƙa. "Hatis ake cewa."

"Ke kika je Turkiyyar?"

"Kai ka je?"

Babu wanda ya je. Suka bar shi a kan kowa ya kira yadda ya iya, tunda a rubuce dai ɗaya ne. Suka kuma ɓoye shi ga kowa, saboda wata ƙawar Siddiƙa ma tana da ciki, kada ta sace.

Ana gobe suna, bayan la'asar, Ba'ana yana tsaye a ƙofar gida yana duba haƙoran ragon. Manomi ne, ba ya kewaye-kewaye.

"Ragon ya yi," ya ce. "Sunan kuma ai ba sai na tambaya ba."

"Mun zaɓa, Yaya."

"Kun zaɓa? Tsakanin me da me?"

Habib ya gyara zaman katinsa. "Gobe za ka ji."

Ba'ana ya saki bakin ragon ya dubi ƙanensa. "Habibu, matar nan jikoki goma sha ɗaya ta goya tana jira. Tun daga Konduga take yi wa kajin nan hira a mota, wai su yi haƙuri, don takwararta za su mutu. Ka san abin da kake yi?"

"Yaya, zamani ya canza. Yarinyar nan makarantar kuɗi za ta yi, wata rana ƙasar waje za ta je. Suna yana da tasiri."

"Kai da kake Habibu ɗan Hadiza, wace ƙofa aka rufe maka?"

Wayar Habib ta yi ƙara, ko kuma shi ya ce ta yi. Ya ɗora ta a kunne ya shige gida.

Da safe maza suka cika tabarmi a ƙofar gida. Aka raba goro da dabino. Limamin unguwa, Goni Ajimi, dattijo ne mahaddaci wanda kunnensa na hagu ya yi ritaya tuntuni, don haka ya juyo da na dama ya ce uban yarinya ya matso. Habib ya durƙusa ya raɗa masa.

"Hatice."

Goni ya ɗan ja da baya ya share kunnensa da gefen rawani. "Ka ce alhamdu lillahi mana, in yi maka addu'a. To, sunan fa?"

"Sunan ke nan, Allah gafarta Malam."

"Wanne?"

"Hatice."

"Au, ba atishawa ka yi ba?"

Waɗanda ke kusa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Goni bai yi dariya ba. Ya ce shekararsa talatin da ɗoriya yana raɗa suna, bai taɓa raɗa abin da bai san ma'anarsa ba, kuma ba zai fara a kan jikar Ya Hadiza ba. Sunan Musulmi ne?

"Na Turkawa ne, Malam. Ai Musulmi ne."

"Na san Musulmi ne. Me yake nufi?"

A nan ne layi biyar ɗin da bai karanta ba suka zo neman haƙƙinsu. Mutumin kirki zai ce bai sani ba. Habib ya dubi sama kaɗan, ya ce, "Fure ne. Wani fure da ke fitowa a bakin teku."

"Teku," in ji Goni. "To. Allah ya kai mu."

Ya ɗaga hannu aka yi addu'a, aka shafa. Sanƙira ya miƙe ya ja numfashi ya faɗi sunan da iyakar ƙarfinsa, da fuskar mutumin da aka ba saƙon da bai fahimta ba. Jama'a suka ce, "Allah ya raya..." sai suka tsaya, suka ƙarasa da "ta." Malam Obadiah, tsohon malamin firamare da ke gidan kusa, ya miƙa wa Ba'ana hannu yana girgiza kai.

"Ka yi haƙuri, Ba'ana, ba ku kaɗai ba ne. A cocinmu wani ya sa wa ɗansa sunan da ya gani a jikin janareta."

A cikin gida mata sun kewaye Ya Hadiza tun asuba. Ta sha sabuwar lafaya, an sa mata lalle, Fanna har ta kama hanci tana jiran a faɗa ta saki guɗa. Da muryar sanƙira ta shigo, guɗar ta maƙale. Fanna ta sauke hannunta a hankali ta shiga gyara murfin wata kula da babu abin da ya same shi.

Carbin tsohuwar dai ya tsaya.

Can sai ga Habib ya shigo gaishe ta. Matan suka zame ɗaya bayan ɗaya suka bar su a ɗakin. Da Kanuri suka yi maganar, harshen da Habib yake tunawa da shi in zai yi magana da uwarsa ko in zai zagi mai keke.

"Ya, an raɗa suna."

"Na ji. Sunan wa ne?"

"Na mutanen Turkiyya ne."

"Akwai wanda ya rasu mana a can?"

"A'a, Ya. Fure ne. Kin ga, zamani ne ya zo da haka. Sunaye irin naku sun tsufa. Aji ɗaya sai ki sami Hadiza biyar, malami ya rasa wadda yake kira."

"Sun tsufa," ta ce.

"Ba haka nake nufi ba."

"Allah ya raya ta. Allah ya sa ta ji ƙanku."

Ya fita da sauri, yana jin ya sauke nauyi. Shi a ganinsa ya yi bayani, kuma a wurin aikinsu in an yi wa mutanen ƙauye bayani to an gama da su. Ya Hadiza ta kira Ba'ana ta ce ya nemo mota, bayan la'asar za su koma. Ya ce kwana arba'in ɗin fa? Ta ce kuɓewarta na gona, babu mai duba mata. Ba'ana ya san an gama tsinke kuɓewar tun makon jiya, shi ya tsinke da hannunsa. Ya fita neman mota. Ta cire sabuwar lafayar ta ninke, ta mayar da tsohuwar da ta zo da ita, ta ɗaure kayanta a zane ta zauna a gefensu.

Da azahar aka fara taron mata. An kafa rumfa a tsakar gida, an jera kujeru, burabusko da miya na fita a manyan kuloli. A tsakiya, a kan tebur, ga kek mai hawa biyu, an rubuta HATICE a jikinsa da ruwan zinare. Ƙawayen Siddiƙa suna ɗaukar hoto da shi, kowace tana kiran sunan da nata salon. Mai jegon tana zaune a doguwar kujera, an yi mata kwalliyar da sai an duba da kyau za a gane ta.

Wajen ƙarfe uku Hajiya Muhsinat ta iso. Gwaggon Siddiƙa ce, mai shagon dogayen riguna a kasuwa, mace mai jiki da murya, wadda ƙamshin humrarta ke riga ta shiga gida. Ta je Istanbul sarin kaya sau goma sha bakwai. Ta iya kalmomin Turkanci kamar arba'in, mafi yawansu na ciniki da na neman banɗaki. Ba ta zo raɗin suna ba, kuma babu wanda ya iya maimaita mata sunan a waya.

Tana shigowa idonta ya faɗa kan kek. Ta tsaya, ta karanta, ta jefar da jakarta a kan kujera ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da sai da kajin maƙwabta suka watse.

"Ina Ya Hadiza? Ina uwar Habibu?"

Aka nuna mata ɗakin. Ta shiga ta janyo tsohuwar har tsakar gida tana rungume da ita.

"Barka, Ya! Barka da takwara! Wallahi yaron nan ya burge ni. Na ɗauka yaran yanzu duk sun lalace, ashe da sauran na kirki."

Fanna ta ajiye ludayi.

"Hajiya, da girmanki. Yau ba ranar wasa ba ce."

"Wane wasa?"

"Ba a yi mata takwara ba. Ga sunan nan kina gani. Fure ne wai."

"Wane fure? Ke Fanna, ni za ki koya wa? Wannan ai Hatije ne."

"Hatis, Gwaggo," in ji Siddiƙa daga kujerarta.

"Hatis kuma 'yar wace ƙasa ce? Hatije! Su Turkawa in sun rubuta wannan harafin," ta dangwala yatsa a kan "c" ɗin har zinaren ya manne mata, "to harafin ja suke nufi. Zuwana na farko, ranar Juma'a, na ga allo an rubuta cami, na yi ta bin mutane ina cami, cami, suna kallona kamar mahaukaciya. Ashe jami ne, masallacin Juma'a. Ita Juma'ar kanta Cuma suke rubuta ta. Hatije, Khadija, Hadiza. Suna ɗaya ne, baki ne ya bambanta. Su harshensu ba ya son kha, sai su ce ha. A'isha a wurinsu Aishe ce, Zainabu Zeynep. Ke da kike tsaye, ba Faɗimatu ce kakanninki suka murɗa ta koma Fanna ba?"

Ta lashe yatsan.

"Gwaggo, ba haka aka rubuta a intanet ba," in ji Siddiƙa, da murya ƙasa-ƙasa.

"Me aka rubuta?"

Siddiƙa ba ta sani ba. Ita ma ba ta karanta ba.

Hajiya Muhsinat ba mace ba ce da ke barin gardama a rabi. Ta ciro waya ta kira mutumin da take sarin kaya a wurinsa, kiran da ake ganin fuska. Mata suka yi cincirindo a bayanta. Wani jan mutum mai gashin baki ya bayyana a cikin tarin riguna. Ta yi masa gwarancin Turkanci da Larabci da Turanci a haɗe, ta ce ya nuna mata mahaifiyarsa. Ya juya wayar. A kusurwar shagon ga wata tsohuwa a kan 'yar kujera, ta ɗaure kai da ɗankwali mai furanni, tana saƙa, haƙoranta na gaba sun yi sallama da ita. Aka tambaye ta sunanta.

"Hatije," ta ce, ta ɗaga musu hannu.

Wata daga baya ta ce, "La ilaha! Wallahi Ya Hadiza ce aka wanke."

Dariya ta ɓarke. Mai gashin bakin ya dawo yana ta bayani, Hajiya tana fassara abin da ta kama tana cike sauran da nata. "Ya ce suna ne mai albarka, sunan Nana Khadija matar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ya ce Allah ya yi wa uban albarka, don su a can ma yaran yanzu gudunsa suke yi, wai sunan kakanni ne."

Ba wanda ya dubi Siddiƙa, saboda tausayi. Ita ma ba ta dubi kowa ba.

Kafin a idar da la'asar labarin ya tsallaka wurin maza. Fanna ta gaya wa Ba'ana, Ba'ana ya kai wa Goni Ajimi a kunnen dama. Goni ya sa aka kira Habib gaban jama'a.

"Ashe Khadija ka sa na raɗa da atishawa?"

"Allah gafarta Malam..."

"Da ka ce min Khadija da ban ɓata maka lokaci ba. Kalmar Larabci ce tsohuwa. Asalinta ana faɗa wa jaririn da ya fito kafin watanninsa su cika, bakwaini ke nan. Ba don wannan ma'anar ake sa shi ba, don darajar wadda ta ɗauke shi ake sawa, mace ta farko da ta ba da gaskiya. Daga Makka ya tafi ƙasar Turkawa suka lanƙwasa shi yadda harshensu ya iya, ya zo nan muka lanƙwasa namu. Na duba ko'ina a cikinsa ban ga fure ba. Tekun ma ban gani ba."

"To Malam, yanzu wane suna ne ya hau kanta?" in ji Ba'ana.

"Wanda ubanta ya nufa. Ya nufi abin da ke rubuce, abin da ke rubuce kuwa Khadija ne. An yanka rago. Magana ta ƙare."

Dattawa suka fara miƙo wa Habib hannu. Malam Obadiah ya dafa kafaɗarsa ya ce ya janye maganar janareta. Daga cikin gida aka aiko wai mata na neman uban yarinya.

Ya shiga, aka tarbe shi da guɗa. Hajiya Muhsinat ta fesa masa turare. Duk wanda ya yi shekara shida yana rubuta rahoton da ke mayar da rijiyar da ta ƙafe ta zama gagarumar nasara ba zai rasa abin faɗa a irin wannan wuri ba. Habib ya yi murmushi, ya buɗe hannuwa.

"Ai da ma shiri ne," ya ce. "So na yi in ba Ya mamaki. Ina za a yi in haifi mace in tsallake uwata?"

Aka sake guɗa. Amma Fanna ta ga tsohuwar nan tana ninke sabuwar lafaya da safe. Ta juya gare ta, ta yi tambayar da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ya, kin san da wannan shirin?"

Ya Hadiza tana zaune a bakin tabarma. Ta ɗago ta dubi ɗanta. Ta daɗe tana dubansa, har murmushin ya fara yi masa nauyi a fuska. Kalma ɗaya ta isa, kuma duk matan Jiddari Polo da na Konduga suna nan za su kwashe ta su kai gida.

"Na sani," ta ce. "Ya gaya min tun da safe."

Fanna ta je ta ɗauko jaririyar daga hannun wata ƙawar mai jego, ta ɗaga ta sama.

"Zo nan, Yagana. Zo ki gai da mai sunanki."

"Wace Yagana?" in ji Siddiƙa.

"Wannan mana. Ko da bakinki za ki riƙa kiran sunan uwar mijinki, ki ce zo nan, ki ce bari, ki ce zan mare ki? Ko shi Habibu?"

"Ai na Turkiyya ne..."

"Ko na Sin ne. Tunda an san nata ne, ya fi ƙarfin bakinku."

Haka al'adar take, kuma Siddiƙa ta san ta sarai. Yarinyar da ta ci sunan kakarta Yagana ake ce mata, ƙaramar uwa, kamar yadda rabin Konduga ba su san Ba'ana sunansa na yanka Muhammad Auwal ne ba. A layinsu kaɗai akwai Yagana huɗu, ɗaya tana sayar da awara a bakin masallaci. Kafin a yanka kek ɗin sunan ya bi rumfar ya zauna daram. Ƙawayen da suka wuni suna gwada lanƙwasa harshe suka huta. Aka yanka, aka raba, wata ta sami HA, wata ta sami CE.

Gab da magariba baƙi suka watse. Mai motar da Ba'ana ya kira ya gaji da jira ya tafi. Habib ya leƙa ɗakin uwarsa ya same ta a ƙasa, ta miƙe ƙafa, jaririyar na kwance a cinyarta, tana kwance ƙullin kayanta da hannu ɗaya. Ya shiga ya tsuguna. Ya yi 'yar dariya.

"Ya, kin ga mamakin da na shirya miki ko?"

"Habibu," ta ce, ba ta ɗago ba. "Mutane sun tafi."

Dariyar ta mutu.

"Yau na yi ƙarya da carbi a hannuna, a gaban mata sun fi hamsin. Da tsufana. Na yi ne don kada yarinyar nan ta girma a riƙa ba ta labarin ubanta a gidan biki. Guda ɗaya na yi, kuma zan nemi gafararta. Kada ka zo nan ka nemi in yi ta biyu."

"Ya, ki yafe min. Abin da na faɗa da safe..."

"Gaskiyarka ka faɗa da safe. Ita na riƙe."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ta ciro kwalbar man shanu ta ajiye a gefe, ta ciro turaren wuta. Jaririyar ta motsa, ta jijjiga ta da gwiwa.

"To za ki zauna?"

"Zan zauna. Ba ni da wata takwarar."

Ta lakaci man shanu ta shafa wa yarinyar a maɗiga, a hankali, tana kallon fuskarta.

"In Hajiyar nan za ta koma ƙasar can, ka gaya min. Zan ba ta kuɓewa da turare ta kai wa tsohuwar da na gani a waya. Ta ce mata wata a Konduga ta gode. Su ne suka tuna da ni."

Habib yana nan tsugune. An fara kiran salla.

"Tashi ka je masallaci," ta ce. "Ka ja mana ƙofar, iska na taɓa ta."